Daga Tsakar Gida Zuwa Rabin Aji: Yadda Jikin Yaro Ke Son A Tsara Masa Makaranta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar firamare a makon farko na sabuwar shekarar karatu, ya san irin kukan da ake sha a wurin. Ni ma na sha nawa rabon. Shekarun baya na kama hannun ɗana, yana ɗan shekara biyar, na kai shi rabin aji a wata makaranta da ke kusa da gidanmu. Da muka isa bakin aji sai ya ƙanƙame ƙafata. Malamar ajin ta ce mini, "Malam, ka yi tafiyarka kawai, da ka ba da baya zai yi shiru." Haka kuwa aka yi, ya yi shiru. Amma cikin makonni biyu da suka biyo baya, yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi, abincin rana ma sai an yi da gaske yake ci.

Wata rana na leƙa ajin da hantsi. Na tarar da yara fiye da sittin a kan benci, kowa da fensir, suna kwafar baƙaƙe daga allo tun ƙarfe takwas. Waɗansu na gyangyaɗi, waɗansu na matse ƙafa saboda fitsari. Ban ga laifin malamar ba, domin ita kaɗai ce a kan wannan taro, kuma abin da iyaye ke son gani a littafin 'ya'yansu shi take ƙoƙarin samarwa. Sai dai tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai, irin wadda masu nazarin halittu kan yi kafin su ajiye kowace halitta a sabon muhalli: shin wace irin halitta ce ɗan shekara biyar, kuma me jikinsa ke bukata? Amsar wannan tambaya ita ya kamata ta zama harsashin manhaja da jadawalin rabin aji.

Asalin Lambun Yara

Ajin da muke kira rabin aji, ko ajin share fagen firamare, a ƙasar Jamus aka ƙirƙiro shi. Wanda ya kafa shi, Friedrich Froebel, an haife shi a 1782, kuma mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. A ƙuruciyarsa ya koyi aikin gandun daji, daga baya ya yi aiki a gidan adana duwatsu da ma'adinai na birnin Balin. A 1837 ya buɗe wurin wasa da koyo na ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 kuma ya raɗa masa suna kindagatin, wato lambun yara. Sunan da ake kiran wannan aji da Faransanci a Jamhuriyar Nijar ma ma'anarsa ke nan.

Zaɓen wannan suna ya nuna tunanin mutumin da ya san tsiro. Mai lambu yakan gyara ƙasa, ya yi ban ruwa a kan kari, ya kare dashe daga zafin rana, sa'an nan ya saurari lokaci. Froebel ya ba yara ƙwallayen zare da gutsattsarin katako masu siffofi daban-daban, ya sa su waƙa da zagaye, ya yanka wa kowane yaro ɗan fili ya shuka abin da yake so. Gwamnatin Furushiya ta haramta waɗannan makarantu a 1851, amma aka ɗage haramcin a 1860, bayan rasuwarsa, suka kuma bazu a duniya.

A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci karatun share fagen firamare, bugun 2013 kuma ya sanya shekara ɗaya ta wannan aji cikin ilimin bai ɗaya. Manufar ta ce wasa shi ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, ta kuma ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya. Mai karatu na iya gwada wannan da abin da yake gani a unguwarsu.

Ƙwaƙwalwar Da Ake Kan Ginawa

Ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa ba ta wuce giram 400 ba, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba. Kafin yaro ya cika shekara shida, ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girman da za ta yi. Ƙwaƙwalwar babban mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma mafi yawansu da su aka haife shi. Abin da ke ƙaruwa bayan haihuwa shi ne rassan waɗannan ƙwayoyi, da mahaɗun da ke tsakaninsu, da kuma wani farin kitse mai suna mayelin da ke naɗe jijiya kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki, domin saƙo ya yi saurin wucewa.

Wani likitan yara na Jami'ar Shikago, Peter Huttenlocher, ya ƙidaya waɗannan mahaɗu da madubin ƙara girma, ya kuma bayyana a 1979 cewa a sashen goshi na ƙwaƙwalwa, mahaɗun ɗan shekara ɗaya zuwa biyu sun fi na babba yawa da kimanin rabi. Daga nan sai a shiga rage su har zuwa balaga. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita takan yi ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita kuwa sai ta shuɗe, kamar dai turbar daji da ciyawa ke cinyewa idan ƙafa ta daina bi. Don haka abin da yaro ke maimaitawa kullum, mai kyau ko maras kyau, shi ne ke zama tafarki a cikin kansa.

Masana biyu na Jami'ar Habad, David Hubel da Torsten Wiesel, sun nuna cewa idan aka rufe idon ɗan kyanwa guda a watanninsa na farko, ko an buɗe daga baya idon ba zai gani sosai ba, alhali lafiyarsa ƙalau. Sashen gani na ƙwaƙwalwa ne ya koma yi wa ɗaya idon aiki. Wannan bincike ya ba su kyautar Nobel a 1981. Darasinsa ga malamin rabin aji a fili yake: yaron da idonsa ɗaya ya karkace, ko wanda kunnensa ke zubar da ruwa, a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti tun da wuri. Amma kada a ɗauka cewa ƙofar koyo tana rufewa a shekara biyar. Mutum na koyo har tsufa, saboda haka babu dalilin ɗura wa yaro karatun aji uku a rabin aji don tsoron kada lokaci ya ƙure.

Sashen goshi, wanda ke kula da haƙuri da jiran layi da riƙe umarni a ka, shi ne na ƙarshen nuna, domin ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin. Ɗan shekara biyar da ya kasa zama wuri ɗaya na rabin sa'a yana aiki ne da abin da yake da shi, kuma bulala ba za ta sa mayelin ya yi saurin naɗuwa ba.

Kukan Rabuwa

Kukan da yaro ke yi a ƙofar aji na da tushe a halitta. John Bowlby, wani likitan Ingila, ya bayyana cewa ɗan Adam, kamar 'ya'yan birai da sauran dabbobi masu shayarwa, an halicce shi da ɗabi'ar manne wa mai renonsa idan ya ji tsoro, domin a daji ɗan da ya yi nisa da uwa shi ne abincin kura. Abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, ta zauna a Uganda a 1954 da 1955 tana lura da iyaye mata da jariransu a ƙauyukan da ke kewaye da Kamfala. Ta ga cewa yaron da ya amince uwarsa na kusa shi ne ke sakin jiki ya yi rarrafe ya binciki ɗaki. Wato kwanciyar hankali ke gaba, bincike da koyo su biyo baya.

A cikin jiki, tsoro na sa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ga wasu ƙananan kaluluwai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadarin kotisol a cikin jini. A ƙa'ida, kotisol na yin yawa da sassafe, ya yi ta raguwa har dare. Ana iya auna shi a cikin yawu. Megan Gunnar ta Jami'ar Minesota da abokan aikinta sun gano cewa a wurin ƙananan yara da yawa da ke yini a gidajen reno, kotisol na hawa ne daga safe zuwa yamma, alhali a ranakun da suke gida sauka yake yi. A wani binciken da aka buga a 2004, an bi yara 70 'yan wata 15 a Balin lokacin da aka soma kai su gidan reno. A kwanakin farko na rabuwa da iyaye kotisol ɗinsu ya tashi sosai, kuma shaƙuwar yaro da uwa ta fi tsira a inda uwar ta ɗauki kwanaki tana zama tare da shi kafin ta soma barinsa. Waɗannan yara sun gaza 'yan rabin aji shekaru, amma kaluluwan iri ɗaya ne. Shirun da ɗana ya yi bayan na ba da baya bai nuna cewa hankalinsa ya kwanta ba. Fitsarin kwance ne ya faɗi gaskiyar magana.

Akwai kuma wani tsohon gwaji da Jay Weiss ya yi da ɓeraye a Amurka a 1970. An ba rukuni biyu ɗan jan lantarki daidai wa daida, amma rukuni ɗaya akan kaɗa masa ƙara kafin jan ya zo. Ɓerayen da ba su san lokacin da abin zai faɗo musu ba sun fi samun gyambon ciki nesa ba kusa ba. Rashin sanin abin da ke tafe shi kansa wahala ne ga jiki. A nan ne amfanin tsayayyen jadawali yake: yaron da ya san cewa bayan tatsuniya sai tara, bayan tara sai wasa, bayan wasa yayarsa za ta zo ɗaukarsa, ya sami abin dogara ko da uwarsa ba ta kusa.

Daga wannan za a iya fitar da matakai ga shugabannin makarantu. A gayyaci iyaye su kawo yaro ya ga ajinsa da malamarsa da ban ɗaki kafin ranar buɗewa. A makon farko a tashi da wuri, wajen ƙarfe goma, a riƙa ƙara lokaci sannu a hankali. A bar uwa ko kaka ko yaya ta ɗan zauna a bayan aji a kwana biyun farko. Mai kawo yaro ya yi masa sallama a fili, ya gaya masa lokacin dawowa da abin da yaron zai gane, kamar "bayan kun ci abinci", ya kuma cika alkawari. Sulalewa a ɓoye, wadda iyaye da yawa ke ganin ita ce dabara, koya wa yaro take yi cewa ana iya ɓacewa a kowane lokaci.

Barci Da Ciki

Can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyi da ke aikin agogo. Hasken safiya ne ke saita shi, da duhu kuma ya ba da umarnin sakin melatonin, sinadarin da ke shirya jiki don barci. Masana uku da suka gano yadda wannan agogo ke juyawa a cikin ƙwayar halitta, ta hanyar nazarin ƙudan 'ya'yan itace, sun sami kyautar Nobel a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yara 'yan shekara uku zuwa huɗu su sami barcin sa'a 10 zuwa 13 a kwana guda, likitocin barci na Amurka kuma sun sa ɗan shekara biyar cikin wannan ma'auni. Lissafin mai sauƙi ne: yaron da za a tasa ƙarfe shida na safe, ya kamata a ce ƙarfe takwas na dare ta same shi a shimfiɗa. Wanda ya kai goma yana kallon talabijin ko wayar babansa, bashin barci zai kai makaranta.

Barci na cikin aikin koyo. A 2013, Rebecca Spencer da abokan aikinta a Jami'ar Masacuset sun koya wa yaran makarantar reno wuraren wasu hotuna da safe. Ranar da yaran suka yi barcin rana sun fi tuna wuraren, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda suka saba yin barcin rana a gida. Saboda haka yaron da ya yi gyangyaɗi a aji a ba shi tabarma. Iyaye kuma su lura da yaron da zai tashi daga boko ya wuce Islamiyya da yamma, su bar masa sararin rintsawa a tsakani.

Batun ciki ma haka yake. Ƙwaƙwalwar babba na cin kimanin kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Christopher Kuzawa da abokan aikinsa sun lissafta a 2014 cewa a wajen shekara biyar, ƙwaƙwalwar yaro na cin sukarin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na wannan kuzari, kuma a daidai wannan lokaci ne girman jiki ke tafiyar hawainiya. Ga shi tumbin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi tun safe har azahar. Koko da ƙosai kafin fita, da ɗan abin taɓawa a lokacin tara, ko da dafaffen ƙwai ne ko gyaɗa ko dankali, suna cikin kayan karatu kamar littafi da fensir.

Hannu, Ido Da Mafitsara

A wuyan hannun mutum akwai ƙananan ƙasusuwa takwas. Jariri na zuwa da su a matsayin guringuntsi, suna zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu sai wajen shekara goma ko fiye. Wannan ya sa likitoci ke iya kimanta shekarun yaro daga hoton hannunsa. Sarrafa gaɓoɓi ma daga kafaɗa yake farawa, ya gangaro gwiwar hannu, kafin ya iso yatsu. Don haka zane da yatsa a kan rairayi, da murza yumɓu, da zura duwatsun ado a zare, da yaga takarda, da wasan carafke su ne share fagen rubutu. Yaron da aka tilasta wa cika shafi da ƙananan baƙaƙe kafin yatsunsa su shirya, yakan koyi mugun riƙon fensir, ya kuma tsani rubutu.

Ido na son fili. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 na zama a waje kowace rana. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa bayan shekara uku, kimanin 30 cikin ɗari daga cikinsu ne suka kamu da matsalar rashin ganin nesa, a makarantun da ba a yi ƙarin ba kuwa kusan 40 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ƙaramin yaro na bukatar motsa jiki na sa'a uku a yini. A ƙasarmu sai a duba yanayi: da bazara a fita da sanyin safiya, da hunturu a jira hantsi ya ɗaga.

Mafitsarar ɗan shekara biyar kuwa ba ta ɗaukar fiye da kimanin mililita 200, wato bai kai rabin ledar ruwan sha ba. Kuma yakan ji matsuwa ne a ƙurarren lokaci. A sa lokacin zagayawa a cikin jadawali, a kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ya matsu. Wanda ya jiƙa wando a sauya masa a asirce, kada a bari 'yan aji su yi masa ele. Bayan zagayawa da kafin cin abinci a wanke hannu da sabulu, domin bincike ya nuna wannan ɗabi'a na rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Me Za A Koyar?

Abu na farko shi ne harshe. Yaro na zuwa makaranta da dubban kalmomi na harshen gida, ya iya bambanta ɓ da b, da ƙ da k, da dogon wasali da gajere, da karin sauti, ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. Wannan jari ne da ya kamata a yi gini a kansa. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Kowane harshe makaranta ta zaɓa, yaron da ke kuka da wanda ke son zagayawa a saurare su da harshen da suke ji. Tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa na horar da kunne ga sautukan da za a rubuta gobe.

Na biyu shi ne ƙidaya da hannu. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan masanin halittu ne tun asali, domin a kan dodon koɗi ya yi digirinsa na uku a 1918, kafin ya koma nazarin tunanin yara. Ga gwajinsa da kowane ɗalibi zai iya yi da ƙanensa: a zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, sa'an nan a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya yaron na kallo, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawancin 'yan shekara huɗu da biyar za su nuna kwalbar, 'yan bakwai kuwa su ce duk ɗaya ne. Masu bincike na baya sun nuna cewa yara kan fi haka ƙoƙari idan aka sauƙaƙa tambayar, amma darasin na nan: yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari da ka, mai yiwuwa bai san cewa tsakuwa biyar biyar ce ba ko an tara ta ko an baza. A ba shi marafan kwalba da ƙwallon dabino da karan dawa ya ƙirga, ya kasa, ya jera.

Na uku shi ne kamun kai. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Rahoton 2011 ya nuna cewa waɗanda suka fi kamun kai a ƙuruciya sun fi lafiya da rufin asiri a shekara 32, ko da an daidaita bambancin basira da arzikin iyaye. Kamun kai kuwa da maimaici ake koyonsa, kuma wasanninmu na dandali cike suke da shi. Mai wasan ɓuya dole ya yi shiru, mai langa dole ya bi doka, mai wasan 'yar tsana da ta ɗauki matsayin uwa dole ta tsaya a kan matsayinta.

Shaida Daga Gwaje-gwaje Biyu

Daga 1962 zuwa 1967, a garin Ifsilanti na jihar Mishigan, David Weikart ya raba 'ya'yan talakawa 123 gida biyu: 58 suka shiga makarantar share fage ta Perry, 65 ba su shiga ba. Karatun na sa'a biyu da rabi ne da safe, malami ɗaya na kula da yara biyar ko shida, yana kuma ziyartar gidajensu kowane mako. Tsarin da ya fito daga wannan makaranta shi ne yaro ya faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labari. Da suka kai shekara 40, kashi 65 cikin ɗari na waɗanda suka shiga sun gama sakandare, a ɗaya rukunin kuwa kashi 45. Waɗanda aka kama sau biyar ko fiye, kashi 36 ne a rukunin farko, 55 a na biyu.

Amma a jihar Tenesi, masana na Jami'ar Vanderbilt sun bi 'ya'yan talakawa kusan 3,000 waɗanda ƙuri'a ta raba tsakanin masu samun gurbin ajin share fage na gwamnati da marasa samu. Rahoton 2022 ya nuna cewa a aji shida, waɗanda suka shiga ajin sun gaza sauran a jarrabawa, sun kuma fi su shiga hannun masu horo. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta danganta wannan da yawan zaunar da yara ana yi musu lacca, da ɓata lokaci a jerin gwano, da ƙarancin wasa. Ashe buɗe ajin kaɗai bai wadatar ba. Abin da ake yi a cikinsa daga takwas zuwa sha biyu shi ne magana.

Misalin Jadawali

Ga yadda za a iya tsara safiya guda, kowace makaranta ta gyara daidai da halinta:

7:45 Malama ta tarbi kowane yaro a ƙofa ta kira sunansa. Ya ajiye jaka a inda aka sa masa alama.
8:00 Zama a da'ira kan tabarma: gaisuwa, sunan rana, yanayin gari, da abin da za a yi yau.
8:15 Wasan sautuka da baƙaƙe na minti 10 zuwa 15, sai waƙa mai motsa jiki.
8:40 Kusurwoyin aiki: yumɓu, kasuwar wasa, gini da kara, littattafan hotuna. Yaro ya zaɓa.
9:20 Zagayawa, wanke hannu, tara.
9:50 Wasa a fili ƙarƙashin inuwa, da ban ruwan shukar aji.
10:30 Ƙidaya da tsakuwa a ƙananan rukunoni.
10:50 Zagayawa, shan ruwa, hutu a kan tabarma.
11:20 Tatsuniya, sa'an nan yara su faɗi abin da suka yi yau.
11:45 Tattara kaya da waƙar sallama.

A lura cewa zama da motsi suna karɓa-karɓa, kuma jerin ba ya sauyawa ko da darasin ya sauya. A zana jadawalin da hotuna a bango don wanda bai iya karatu ba. Kafin a tashi daga wani aiki a yi gargaɗi da tafi ko 'yar waƙa guda da aka saba. A makonni uku na farko, koyon waɗannan al'adu shi ne manhajar gaba ɗaya: yadda ake neman izini, inda ake ajiye takalmi, yadda ake karɓar abu a miƙa wa na kusa.

Malamar da ke da yara sittin za ta ce wannan zance ne na masu yara ashirin. Tana da gaskiya, kuma rage cunkoso nauyi ne a kan hukuma da al'umma. Duk da haka, kusan duk abin da aka lissafta ba ya cin kuɗi. Ana iya raba aji rukuni huɗu, kowane da tabarmarsa da sunansa, a roƙi iyaye mata biyu su riƙa taimakawa bi da bi. Ɗaliban sakandare ma na da rawar takawa, domin sau da yawa su ne ke riƙo hannun ƙanne zuwa makaranta. Ku yi musu sallama, ku dawo a kan lokaci, ku tambaye su labarin ranar a hanya. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku na iya tara marafan kwalba, ta haɗa bokitin wanke hannu, ko ta shuka wake a gwangwani tare da 'yan rabin aji na makwabta.

Kammalawa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai duk mai dashe ya san ɗanyen icce shi ya fi saurin karyewa a hannun mai gaggawa. Ɗana ya daina fitsarin kwance a mako na uku, bayan mun mayar da barcinsa ƙarfe takwas, yayarsa ta soma zama da shi na ɗan lokaci kafin ta wuce ajinsu, malamarsa kuma ta amince ta fitar da yara zagayawa sau biyu kafin tashi. Ga malamai da iyayen da za su karɓi sababbin yara a shekarar karatu mai zuwa, kafin a tambayi baƙaƙe nawa yaro ya iya rubutawa, a fara tambaya ko ya yi barci, ko ya karya kumallo, ko ya san wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin da zai zo.